Don Allah a daina ba shuka ruwa da tsakar rana

Tun da hunturun bana ya kama nake zagaya lambuna a nan Ankara, babban birnin Ghana, daga Dzorwulu ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, zuwa Roman Ridge da gefen Korle Bu. Kusan ko'ina kuka ɗaya ne: "Malamin gona, latas ya ƙi girma, ga shi har sau uku muke ba shi ruwa." In na tambayi lokacin da ake ba shi ruwan, sai a yi shiru. Ni kuwa na sani, don da idona nake gani. Ƙarfe 12, ƙarfe 1, rana ta take, mutum na jan buta biyu yana sheƙa wa ƙasa ruwa.

Jama'a, rana da iska kuke shayarwa. Na faɗa bara, na faɗa bana, kuma ba zan gaji ba.

Makon jiya na iske wani dattijo a lambunsa ana gab da kiran Azahar. Gadi yake yi da dare, in ya tashi aiki sai ya ɗan runtsa, bai isowa lambu sai rana ta yi tsaka. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, kafaɗunsa duk kanta. Na ce, "Baba, sannu da aiki. Ara mini addarka." Na tona komin da ya gama shayarwa bai fi rabin awa ba. Danshin bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba, ƙarƙashinsa ƙasa ce busasshiya kamar gari. Muka tuge latas ɗaya, sai ga saiwoyin duk a kwance sama-sama, ko ɗaya bai nutsa ba. Ina za su nutsa, bayan an saba musu da 'yar laima a bakin ƙasa?

Ya dube ni ya ce, "To ɗana, in na ga ganye ya yi laushi, sai in zuba masa ido ya mutu?"

Wallahi tambayar ta taɓa ni, don tausayin shukarsa ne ya hana shi hutawa. Na ce, "Baba, yaushin tsakar rana ba kullum ne ƙishirwa ba. Ganye mai faɗi yakan langaɓe in zafi ya yi yawa ko da akwai danshi a ƙasa. Ka dawo bayan La'asar. In ya miƙe da kansa, lafiyarsa ƙalau. In ka same shi a langaɓe da sassafe, to wannan ƙishirwa ce ta gaske."

Ku yi lissafin wahalarku mana. Butar ban ruwa guda tana cin lita 15, biyu lita 30, wato kilo 30 ke nan a hannuwanku kowane sawu. Wanda ya yi sawu 100 ya ɗauki tan 3 na ruwa a yini. Da wane dalili za ka ɗauko wannan kaya daga bakin rafi, bayanka na ciwo, ka zo ka miƙa wa rana? Masu injin ban ruwa kuma ku ne kuka fi ba ni haushi. Don ba a kafaɗa kuka ɗauko ba, sai a kunna inji a saki tiyo, ruwa na malala har kan hanya, yana wanke takin kajin da aka saya da kuɗi. Man fetur ɗin kyauta ake ba ku?

Kada ganin teku ya ruɗe mu, garin nan ba mai yawan ruwan sama ba ne. Abin da Ankara ke samu a shekara yana wajen milimita 800, alhali Kumasi na samun wajen 1,400. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa iskar hunturu ce, wadda ke busar da wanki kafin ka juya. Abin da take yi wa wankinka shi take yi wa kominka.

'Yan'uwana masu kula da fulawa a gidajen manya, a East Legon da Cantonments, har da ku nake. Nakan wuce in ga tiyo a yashe kan ciyawa da rana tsaka, ruwa na bin ƙarƙashin ƙofa zuwa kwata. Wannan ruwan famfo ne da aka tace a matatar ruwa ta Kpong ko ta Weija, shi ne iyayenmu mata a Nima da Madina ke bin layi da galan ɗin Kufuor, wato jarkokin nan masu ruwan ɗorawa, suna jira. Ku gaya wa masu gida gaskiya cikin ladabi: a rage filin ciyawa, a sa abin da ke jure fari. Zogale, lalle, darbejiya, in suka kama ƙasa ba su neman tiyo kullum.

Abin yi dai ba shi da yawa, kuma duk kun taɓa jin sa a bakina:

Ban ruwa daga bayan sallar Asuba zuwa ƙarfe 9. In ba hali, sai bayan La'asar. Masu gadi, ku biya ta lambu kafin ku kwanta, barcin zai fi daɗi.
A shayar sosai har ruwa ya nutsa, kada a yi ta yayyafi sau uku.
Kafin ka ɗauki buta, cusa yatsa a ƙasa. In ka ji danshi har gaɓa ta biyu, ajiye butar.
A rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon kwakwa da aka daddatsa. Ciyawar nan da kuke cinna wa wuta ita ce bargon kominku.
Kada a cire marfin nan mai huji-huji na bakin buta don sauri, kuma a sauke hannu ƙasa. Ruwan da aka sako daga sama yana daddale ƙasa, yana fantsama laka a ganye.

Wannan na ƙarshen ku riƙe shi da kyau, musamman masu ɗiba daga rafin da kwata ke zuba a ciki. Latas ɗin nan ɗanye ake yanka shi a kan wake da shinkafa, 'ya'yanmu ne ke ci.

Sabon dashe da irin da ke cikin gadon reno su kaɗai na yarda a leƙa da rana, su ma a yi musu rumfa da ganyen kwakwa, a yayyafa kaɗan. Kada wani ya fake da wannan ya ce malamin gona ya halatta.

Dattijon nan mun rabu a kan zai gwada komi biyu kacal: ya rufe su da ciyawa, ya shayar da su da sassafe, sauran ya bar su yadda ya saba, bayan mako biyu mu tona mu gani tare. Wanda ke shakka ya yi haka a lambunsa. Zan sake zagayowa Dzorwulu da Roman Ridge mako mai zuwa in Allah ya kai mu, kuma da Azahar zan zo, da addata a hannu.