Littattafan soyayyar 'yan ƙwallon kwando mata masu gaba da juna: amsar tambayoyin da kuka ishe ni da su

Tunda na ambaci irin littattafan turancin nan da ake yayi a Amurka, inda 'yan wasan ƙwallon kwando mata biyu da ba sa ga maciji da juna suke ɓigewa da soyayya, tambayoyi iri ɗaya ake ta juya min. Ga amsa nan gaba ɗaya, duk wadda ta sake tambaya nan zan turo ta.

Wai da gaske mace da mace ne?

Eh. Tun a bango ake nunawa, ba wanda ya ɓoye miki.

Labarin gaskiya ne?

A'a, ƙirƙira ne.

Ba Caitlin Clark da Angel Reese ake nufi ba?

Haba 'yan uwa. Waɗannan biyun hamayyar fili ce tsakaninsu, ta yi ƙamari a wasan ƙarshe na jami'o'i a 2023 da LSU ta doke Iowa 102 da 85, Reese ta jami'ar LSU ta riƙa nuna wa Clark ta jami'ar Iowa yatsan da za ta sa zoben nasara. Iyakarta kenan. Ku daina laƙaba wa mutane abin da ba su faɗa da bakinsu ba.

Dole sai na san ƙwallon kwando kafin na gane?

Ba dole, kwantar da hankalinki. Mutum biyar-biyar ne a fili, minti 40 ake yi a gasar mata ta WNBA, an raba shi zango huɗu, in ƙwallo ta zo hannunku daƙiƙa 24 gare ku ku jefa. Jifan kusa maki 2, na bayan layi 3, na hukunci 1. Sauran marubuciyar za ta koya miki a hanya, in bata iya ba laifinta ne.

Me ya sa kullum sai abokan gaba, ba abokan wasa ba?

Yauwa, wannan ce tambayar da na so a fi yi min. A wasan nan koci zai ce ke, wance ce taki yau, duk inda ta sa ƙafa ki bi ta, to kafin ranar sai kin zauna kin kalli bidiyonta kin san ta wane hannu take juyawa, yaushe take gajiya, me ke sa ta fushi, ƙarshe sai ya zama babu wadda ta san ta kamar wadda aka ɗora wa aikin hana ta sakat. Daga nan marubutan suke ɗebo komai. Gasar kuma ƙarama ce, a 1997 aka fara bugawa, a 2024 ƙungiyoyi 12 ne kacal, kowacce bata wuce 'yan wasa 12 ba, wato gurbi 144 ake rububi a kai, ba inda za ki guje wa wadda kika tsana. Ga shi ana iya musayar ɗaya zuwa ƙungiyar ɗayar a wayi gari suna ɗakin canza kaya ɗaya. In kaka ta ƙare wajen Oktoba da yawa suna tafiya Turkiyya ko China neman ƙarin kuɗi don albashin gida ya daɗe yana da ƙaranci, irin tafiyar ce ta kai Brittney Griner Rasha inda aka tsare ta daga Fabrairu zuwa Disambar 2022. Littafin da ya yi amfani da waɗannan shi ne mai kyau. Wanda suka yi faɗa a babi na 1 suka shirya a babi na 3 ba dalili, ajiye shi kawai.

A can ana yin haka a zahiri?

Ana yi, kuma a fili. Diana Taurasi da Penny Taylor sun yi aure a 2017, Courtney Vandersloot da Allie Quigley a 2018, suka ci kofi tare da Chicago Sky a 2021. Kotun ƙolin Amurka ta halatta irin auren tun 2015. Can nake faɗa, a lura.

Akwai batsa a ciki?

Wasu akwai sosai, wasu a bakin ƙofa ake tsayawa. Karanta sharhin masu karatu kafin ki saya, kuma don Allah a daina barin waya a buɗe a hannun yara sannan a zo ana min kuka.

Ina son in mayar da ɗaya Hausa in riƙa sakawa a gurup ɗinmu na WhatsApp, ko in rubuta irinsa, ya kika gani?

To, nan sai a hankali, kuma ki ɗauki maganata a matsayin ta mai karatu, lauya daban. Fassara dai ba izinin mai littafi satar fasaha ce ko kyauta kike rabawa, wannan ba ja. Rubuta naki kuma ya danganta da inda kike zaune da inda kika ajiye labarin. A Najeriya akwai dokar da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, 10 ga nuna irin soyayyar a bainar jama'a ko tallafa wa ƙungiyoyinsu, ga dokokin shari'a a jihohin arewa 12, a Kano kuma hukumar tace fina-finai da ɗab'i tana sa ido a kan marubuta. Ko ƙirƙirarren labari ya shiga ƙarƙashin wane sashe, wannan aikin lauya ne, ki neme shi kafin ki danna tura, ba bayan an ɗauki hoton shafinki an watsa ba, don gurup mai mutum 200 ba sirri bane, kuma sau da yawa surutun dangi da maƙwabta kan riga kotu isowa. Ta fuskar addini kuwa kowa ya san matsayin malamai, ba ni za a tambaya ba.

In kuma hamayyar ce ta burge ki, tana tsayuwa da ƙafarta ko ba soyayya. Mata biyu masu neman gurbi ɗaya a D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwandon matan Najeriya da ta kai zagayen 'yan takwas a Olamfik na Paris 2024 ƙarƙashin Rena Wakama, karon farko da wata ƙasar Afirka ta yi haka, ai labari ne cikakke. Sai dai kowanne kika zaɓa ki je ki kalli wasa biyu uku tukuna, kar ki rubuta mana an tashi 2 da 1 kamar ƙwallon ƙafa.

A littattafan, 'yan wasan biyu suna ƙarewa tare?

Eh, ƙa'idar littafin soyayya ce a can. Wadda za ta ɗauki kofin ce ba a sani ba.

Za ki turo min PDF?

A'a. Ki saya.