Barin fowil a kunne a kan kwalta ba ƙarin ƙarfi ba ne

Da yawa cikin masu sayen tsohuwar Hilux ko Land Cruiser 70 suna ɗauka cewa in an bar libar fowil (tsarin da inji ke juya tayoyi huɗu gaba ɗaya) a 4H, wato fowil na tafiya da gudu, kullum, motar ta fi kama titi. Wannan fahimtar ta kashe wa mutane giya ba adadi.

Irin waɗannan motoci, da zarar an sa fowil, farfelar gaba da ta baya, wato sandunan ƙarfen da ke kai juyin inji ga tayoyi, sai su ɗaure, su riƙa juyawa daidai wa daida. Amma a kwana, tayoyin gaba sun fi na baya cin tazara. A cikin yashi ko taɓo taya na ɗan sulɓewa, bambancin ya fita. Busasshiyar kwalta kuwa ba ta sakin taya, sai matsin ya taru a cikin ƙarfe. Za ka ji sitiyari ya yi nauyi, tayoyi na ƙara a kwana, liba ta ƙi komawa 2H, inda tayoyin baya kaɗai ke tura mota. In haka ta faru, kada ka ja ta da ƙarfi. Miƙe sitiyari, ka yi ribas 'yan mitoci, za ta saki.

Kwalta ta 2H ce. 4H na yashi da laka, 4L kuma, wato fowil na tafiya a hankali da ƙarfin ja, na hawan dutse ko fita daga kafewa, kuma sai mota ta tsaya ake sa shi. Fowil ba ya ƙara wa birki komai.

Kafin ka biya kuɗi, kai motar kan ƙasa, ka sa 4L ka saurara. Ƙarar ƙas-ƙas daga ƙarƙashi na iya zama alamar an daɗe ana wahalar da ita. Duba tayoyi huɗun ma, lallai girmansu ya zama ɗaya.