Wai wa ya ce dokumentari gaskiya ce zalla?

Kwanan nan duk inda ka juya dokumentari ne. Gwamna ya cika shekara biyu a kujera, sai a haɗa masa dokumentari: kyamara na shawagi a saman sabuwar gada, dattijo na sa albarka, mata na rangaɗa guɗa. Yaro ya zaga kasuwa da waya na minti uku ya ɗora a TikTok, shi ma dokumentari ya yi. Har na ji wani a rediyo yana kare ubangidansa yana cewa, "Ai ba ni na faɗa ba, dokumentari ne ya nuna." Wato shi ke nan, bakin alƙalami ya bushe.

Cewa fim ne da ba 'yan wasa a cikinsa, kowa ya sani. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fassarar da muka liƙa masa. Wasu su ce "fim ɗin tarihi", wanda kuskure ne mai sauƙi, tunda ana yin sa a kan abin da ke faruwa yau ɗin nan. Wasu kuma su ce "shirin gaskiya". Wannan ce ke ba ni haushi, domin da zarar mai kallo ya ji gaskiya, sai ya miƙe ƙafa ya daina tambaya.

Tushen kalmar Latin ne, daga abin da ke nufin darasi ko shaida. Wani ɗan Sikotlan, John Grierson, shi ya yayata ta a Turanci tun 1926, kuma da ya zo bayaninta cewa ya yi a ɗauko abin da ya faru a sarrafa shi da hikima. A sarrafa fa. Hannun mai shiryawa yana cikin ma'anar tun ranar suna.

Inda wannan hannu ya fi fitowa fili shi ne gajerun fina-finan rawa da ake yayi yanzu: kafoyirar Barazil, rawar takalmin roba ta masu haƙar zinare a Afirka ta Kudu, dabkar Falasɗinawa. Kusan kowanne za a ce maka rawar turjiya ce, jama'a ce ke bijire wa zalunci da ƙafa da kafaɗa. Sau da yawa haka ɗin ne. To amma mai rawa ba magana yake yi ba. Mai sharhi ne ke magana, sai kuma mai yanka hoto ya jona.

Ba sai mun je nesa ba, akwai wanda ya shafe mu. Wajen 1925, a ƙasar Filinge ta Nijar, wasu sabbin iskoki suka ɓulla a wajen masu bori. Ba irin waɗanda aka saba ba ne: waɗannan Turawa ne, da gwamna da janar da kofur da matar likita. Wanda suka hau sai ya ƙame, ya sara, ya yi maci yana daka tsawa da Faransancin da ba kai ba gindi. Aka sa wa abin suna Hauka, kalmarmu ce ba aro ba, a wajen Dogon Dutsi kuma a ce Babule. Kwamandan Faransa da ke Yamai ya sa aka kama su aka kulle. Bai san ya yi wa kansa ba, don ba a jima ba shi ma ya zama iska a cikinsu, ana kiran sa Kwamandan Mugu.

'Yan ci-rani, akasari Zabarmawa, suka tafi da abin har Ankara, lokacin Gana na hannun Ingila. A can ne Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki taronsu na shekara a 1954, ya yi fim na wajen rabin awa mai suna Les Maîtres fous, wato mahaukatan iyayengiji. Mai goge yana ja, mutane na zagayawa, can sai jiki ya fara ɓari, ido ya juye, kumfa na zuba daga baki. Ga bindigogin katako, ga wani yana kara wuta a jikinsa don a san ba shi ba ne yanzu. Aka yanka kare aka ci. Duk wannan ya faru, ba wanda ya ce a yi don kyamara.

Amma duba wuri guda. An fasa ƙwai a kan gunkin gwamna, yana gangarowa fari da ɗorawa. Nan take fim ya tsallaka zuwa faretin gwamnati, ga gwamnan Ingila na gaske da gashin tsuntsu yana zubowa daga hularsa. Masu Hauka ba su je faretin nan a ranar ba. Rouch ne ya ɗauko hoto biyu ya haɗa su baki da baki, kuma a wannan haɗin ne mai kallo ke ganewa cewa ashe shaguɓe ake yi wa masu mulki. Cire shi, abin da zai rage mutane ne da kumfa a baki. Kyamarar ma irin wadda ake wanawa da hannu ce kamar agogo, ba ta wuce daƙiƙa ashirin da 'yan kai take tsayawa, don haka yinin nan guntu-guntu aka tsinto shi. Muryar da ke fassara kowane motsi daga farko har ƙarshe kuwa tasa ce, ba ta masu rawar ba.

Shi ya sa fim ɗaya ya ɓata wa kowa rai ta fuska daban. Da aka nuna shi a Faris, ɗaliban Afirka suka ce an mai da baƙar fata dabbobi, malamin Rouch, Marcel Griaule, ya ce a lalata shi. Turawan Ingila suka hana nuna shi a Gana saboda sun ga da su ake. A 1957 kuma aka ba shi kyauta a bikin fina-finai na birnin Benis da ke Italiya. To wanne ne "shirin gaskiya" a nan? Ni dai na fi karkata ga cewa Rouch ya hango wani abu na gaske, amma ban yarda masu Hauka sun tashi da safe da niyyar zanga-zanga ba. A wajensu iskoki ne suka sauka, ba wasan kwaikwayo ba. Turjiya sunan da masana suka raɗa ne daga baya.

In da za a bi tawa, "shirin shaida" za mu ce, don kowa ya san mai ba da shaida daga inda ya tsaya yake gani, kuma alƙali yakan yi masa tambayoyi.

Fim ɗin ya rufe da washegari: ga mutanen jiya sun koma bakin aiki, tsaf da su, suna murmushi, wasunsu na haƙa rami a gaban asibitin mahaukata na Ankara. Su aiki ya kai su wurin. Wanda ya ga dama ya ƙare fim da asibitin kuwa Rouch ne, wanda ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, aka binne shi a Yamai.