Dasa Ƙananan Bututu a Ido don Maganin Gilakoma

Dasa ƙananan bututu a ido tiyata ce ta zamani da ake yi wa masu cutar gilakoma, wato hawan jinin ido. Likitoci na kiran wannan rukunin tiyata MIGS a taƙaice, wato tiyatar gilakoma mai ƙaramin yanka. Ido yana da wani ruwa garai-garai da yake samarwa kullum, wanda ke tsiyayewa ta wata siririyar rariya a kusurwar da baƙin ido ya haɗu da fatarsa ta gaba, ya faɗa wata 'yar magudana da ke bayan rariyar, mai suna magudanar Schlemm. In rariyar ta toshe, ruwan ya taru ya danne jijiyar gani, ita kuwa in ta mutu ba ta dawowa.

Likita yakan ɗan tsaga gefen ido kamar milimita 2, ya ɗora wani gilashi na musamman don ya hango kusurwar, sannan ya tura bututun ya ratsa rariyar. Galibi ba ɗinki, kuma akan haɗa aikin da cire yanar ido a zama ɗaya.

Na farko da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi, a 2012, shi ne iStent na kamfanin Glaukos, ƙarfen titaniyam mai tsawon milimita 1 kacal. Hydrus ya biyo baya a 2018, tsawonsa milimita 8, yana kwanciya cikin magudanar ya buɗa kusan rubu'inta. XEN daban yake: yana kai ruwan ƙarƙashin fatar da ta lulluɓe farin ido, kuma da sinadarin jelatin na alade ake yin sa, abin da ya kamata a faɗa wa majiyyaci Musulmi tun kafin aiki. CyPass kuwa kamfanin Alcon ya janye shi a 2018, da aka ga yana cinye ƙwayoyin halittar fatar gaban ido.

Haɗarin dasa bututun bai kai na tsohuwar tiyatar tirabekulektomi (wadda ake yanka wa ruwan sabuwar mafita a farin ido) ba, ana kuma warkewa da wuri, wasu ma su rage magungunan ɗigawa. Sai dai bai cika sauke matsin ruwan ido sosai ba, shi ya sa ya fi dacewa da cutar da ba ta yi nisa ba. Nan ne abin ke da ciwo. A Najeriya gilakoma ce ta biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido, kuma da yawa ba sa zuwa asibiti sai ido ɗaya ya riga ya tafi. Ga tsadar bututun da ake shigowa da shi daga waje. Irin waɗannan majiyyata har yanzu tsohuwar tiyatar ce ta fi yi musu amfani.