Zufa Ba Kitse Ba Ce

Da yawa daga masu shirin gudun rabin famfalaki, wato kilomita 21.1, sukan saka rigar leda ko rigar sanyi su fita gudu da rana tsaka, wai don kitse ya narke ya biyo zufa. Kuskure ne babba. Zufa ruwa ce da gishiri, aikinta sanyaya jiki. Lita ɗaya ta zufa kilo ɗaya ce a sikeli, ana shan ruwa nauyin ya dawo. Kitsen da jiki ya ƙona kuwa, mafi yawansa ta numfashi yake fita, kuma sai an ɗauki makonni kafin a ga alama.

Leda tana hana zufa bushewa, alhali bushewar ce ke ɗauke zafi. Ruwan jini ya ragu, bugun zuciya ya ƙaru, ƙafa ta yi nauyi. Mai kilo 70 da ya rasa kilo 1.4 na ruwa, kashi 2 cikin 100 ke nan, gudunsa ya fara lalacewa. In zafin cikin jiki ya haura digiri 40, mutum na iya rikicewa ya faɗi, sai asibiti.

A fita bayan asuba da riga mara nauyi, a yi gudun da ba ya hana magana, sau uku ko huɗu a mako, ana ƙara wa mafi tsawo kilomita ɗaya ko biyu duk mako. A hau sikeli kafin fita da bayan dawowa. Duk kilon da ya ragu, a sha ruwa kamar lita ɗaya da rabi, kaɗan-kaɗan.