Mene ne VR da "gemifikeshin" da ake cewa ana koya wa magina aiki da su?

Shekaranjiya ƙanina da ke karantar injiniya ya turo min wani bidiyo, wani mutum ne ya ɗaura wani abu a fuska kamar ƙaton tabarau, yana tsaye a tsakiyar ɗaki kan tayil lafiya lau amma ƙafarsa sai rawa take yana laluben iska kamar wanda aka tsayar a bakin rijiya. Ƙasan bidiyon ya rubuta min "Yaya, wannan fa aikin gini yake koya". Daga nan ne muka shiga maganar kalmomin nan biyu da yanzu suke yawo, VR da gemifikeshin.

VR gajarta ce ta virtual reality, wato duniyar kwaikwayo da kwamfuta ta zana. Abin da ake sawa a fuskar yana nuna wa kowane ido hotonsa daban, kuma yana bin motsin kanka, ka ɗaga kai ka ga sama, ka duƙa ka ga ƙasa can nesa da motoci ƙanana kamar kiyashi, shi ya sa ƙwaƙwalwa take yarda har gwiwa ta yi sanyi alhali mutum ya san a ɗaki yake. Wannan nutsewar ita ake nufi idan an ce fasahar imasib. Tana da ƙanwa da ake kira AR, ita kuma ba ta rufe maka ido, wurin da kake tsaye kake gani sai ta ɗora maka zane a kai. Microsoft ya fito da tabarau na irin wannan fasaha mai suna HoloLens a 2016, daga baya kamfanin Trimble ya haɗa shi da hular kwano ta ma'aikata, injiniya ya tsaya a gini ya ga inda bututun ruwa da wayar wuta za su bi tun ba a ɗora bulo ba.

Abin ba sabo ba ne fa. Tun 1929 Edwin Link a Amurka ya ƙera akwatin da matuƙan jirgi ke koyon tuƙi a ƙasa, a 1968 kuma Ivan Sutherland ya haɗa irin tabaran nan a jami'ar Harvard. Tsada ce ta riƙe abin, sai bayan Facebook ya sayi Oculus a 2014 kan kusan dala biliyan 2 kuɗinsa ya riƙa sauka har ya zo daidai da na waya mai kyau.

Gemifikeshin kuma daga kalmar gem take, wato wasa a Turance, ma'ana a ɗauko kayan wasa, maki da matakai da lambar yabo da allon waye na ɗaya, a zuba su cikin abin da ba wasa ba. Wani Baturen Ingila Nick Pelling ake jingina wa ƙirƙirar kalmar a 2002, amma sai wajen 2010 ta bazu. Duk mai manhajar koyon harsuna ta Duolingo a waya ya san yadda mutum ke tashi da dare ya yi darasi don kar jerin kwanakinsa ya yanke. Mu ma dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya ga yadda makaɗi ke wasa saurayin da ya riga kai ƙarshen kunya, sauran su ƙara ƙaimi, noma ne dai amma an sa masa gasa.

To me ya kawo su wajen gini? Mutuwa ce. A Amurka kusan ɗaya cikin biyar na ma'aikatan da ke mutuwa a bakin aiki magina ne, kuma hukumarsu ta kare lafiyar ma'aikata, OSHA, ta ware abu huɗu da suka fi kisa: faɗowa daga sama, abu ya bugi mutum, wutar lantarki, da matsewa tsakanin injin ko ruftawar rami. Faɗowa ce kan gaba, shi ya sa dokarsu ta ce daga tsayin ƙafa 6 dole a ba ma'aikaci kariya. Matsalar ita ce ba za ka iya koya wa mutum faɗowa a gaske ba. A cikin VR za ka iya. Sabon lebura ya tsinci kansa a hawa na goma, ya manta bai maƙala igiyar bel ɗinsa ba, ya taka katakon da ba a ɗaure ba ya tafi, allo ya yi duhu, ya cire tabarau zuciyarsa na dukan uku-uku, malamin ya ce sake. Sai a ba shi minti biyar ya zagaya ya nemo haɗurra, waya a feɗe cikin ruwa, tsani a kan yashi, ramin da ba a rufe ba, mutum tsaye ƙarƙashin kayan da kiren ya ɗaga, kowanne da makinsa. Masu koyon tuƙa katafila ma haka, kamfanin Caterpillar na da injinan kwaikwayo masu kujera da sandunan tuƙi, mutum ya yi ta haƙa ba a ƙona ko lita ɗaya ta gas ba.

Inda nake jin tsoro shi ne me ake ba wa maki. In sauri aka sa a allo to gaggawa aka koya wa yara, su kuma magina gaggawa ce ke cinye su. Makin ya kamata ya tafi ga wanda ya tsaya ya duba, har da wanda ya ce ba zan hau ba sai an gyara. Sannan tabarau ba ya ba ka nauyin bulo inci tara a kafaɗa ko zafin ranar Afrilu, wasu ma jiri yake sa su, kuma ba ya sayen hular kwano in ɗan kwangila ya ƙi saya.

Amma wallahi ina son abin ya iso mana. Na taɓa tsayawa a wani gini a unguwarmu ranar zuba dekin, wani yaro da bai wuce sha takwas ba, ranarsa ta farko, aka ɗora masa kwanon sarki cike da kankare, silifas a ƙafa, duk horon da ya samu shi ne "bi bayan wancan". A sawu na uku katakon da ake takawa a hau ya jiƙe da ruwan siminti, ƙafa ta zame. Allah ya kiyaye ransa amma ƙugu ya karye, har yau yana ɗingishi. Da ni za a ba zanen matakin farko na irin wannan gem ɗin, katakon nan zan zana da jiƙarsa da silifas ɗin, da oga a ƙasa yana ihu a yi sauri kankare zai bushe.