Farfaɗo da kwamfutar tafi-da-gidanka bayan lalacewar BIOS

Farfaɗo da kwamfuta bayan lalacewar BIOS shi ne aikin tayar da na'urar da ta ƙi kamawa saboda an samu cikas wajen sabunta manhajar da ke cikin wata ƴar ƙwaya a babban allonta. Wannan manhaja, wato BIOS, ita ce ke fara aiki da zarar an danna maɓallin kunnawa: tana duba ƙwaƙwalwa, ta tayar da fuska da madannai, sannan ta miƙa ragama ga Windows ko Linux. A Maraɗi, inda bakin masu gyara ya saba da Faransanci, "biyos" ake cewa, da an tsallaka zuwa Jibiya kuma sai a ji "bayos". Mai kwamfuta yakan ce ta mutu, alhali galibi kayan cikinta lafiya lau suke, kuma fayilolin da ke kan faifan ajiya babu abin da ya taɓa su.

Tarihi

Sunan BIOS ya fara fitowa ne a 1975, a cikin tsarin CP/M na Gary Kildall, ɗan Amurka. Da IBM ya fitar da kwamfutarsa ta PC a 1981, ya sanya manhajar a ƙwayar da ake karantawa kawai, ba a rubutu a kanta. Compaq ya yi nasa irin ba tare da kwafar na IBM ba, Phoenix kuma ya fara sayar da nasa ga sauran masu ƙera kwamfuta a 1984. A wancan zamani mai kwamfuta ba ya iya lalata BIOS daga kan madannai. In ana son sabo, sai a cire ƙwayar a sa wata, ko kuwa, in mai tagar gilashi ce a bayanta, a goge ta da wani haske na musamman a sake rubutawa da na'ura.

Abin ya sauya ne da zuwan ma'ajiyar filash, wadda Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan ya gabatar a 1984. Ita da lantarki ake goge ta, a sake rubutawa tana maƙale a wurinta. Wajajen tsakiyar shekarun 1990 ta zama ruwan dare a allunan kwamfuta, kamfanoni suka samu damar gyara kurakuransu ta hanyar aiko da fayil kawai. Sai dai ƙofar da gyara ke shiga ta nan ɓarna ma ke shiga. Ƙwayar cutar CIH, da wani ɗalibi mai suna Chen Ing-hau ya rubuta a Taiwan a 1998, ta tashi ranar 26 ga Afrilu 1999, ta goge faifai, ta kuma ɓata BIOS na wasu alluna har suka daina kamawa. Wajajen wannan lokaci ne Gigabyte ya fara sanya ƙwaya biyu a allo ɗaya, ta biyun tana jiran ranar da ta farko za ta gaza.

Intel ya fara aikin magajin BIOS, wato EFI, a ƙarshen shekarun 1990, sannan a 2005 aka kafa ƙungiyar kamfanoni da ta ci gaba da shi da sunan UEFI. Fitowar Windows 8 a 2012 ce ta sa ya mamaye sababbin kwamfutoci. Duk da haka tsohon suna bai tafi ba, har yau BIOS kowa ke cewa.

Alamomi

Fitilar kunnawa tana ci, fanka tana juyawa, wani lokaci da ƙarfi, fuska kuwa baƙi ƙirin. Wasu na'urori suna ƙyafta fitila ko su yi ƙara da wani adadi mai nuna inda matsalar take.

Dalilai

Babban dalili shi ne katsewar aiki ana tsaka da rubutu, lokacin da tsohuwar manhaja ta riga ta gogu, sabuwar kuma ba ta kammala shiga ba. Wannan ya shafi Maraɗi ƙwarai. Kwamfutoci da yawa da ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo da ma'aikata ke amfani da su na hannu ne, batirinsu ya riga ya gaji, ga ɗaukewar wuta da ke yawaita a zafin Afrilu da Mayu. Akasarin manhajojin sabuntawa suna ƙin farawa sai an jona caja kuma batir na da isasshen caji, kuma tilasta musu tsallake wannan sharaɗi kasada ce babba. Sauran dalilan sun haɗa da loda fayil na wani samfuri mai kama da naka, da kashe na'urar don an ga ta daɗe da baƙar fuska, alhali aiki take yi.

Hanyoyin farfaɗowa

Ana farawa da mai sauƙi. A cire caja da batir, a danne maɓallin kunnawa na kusan rabin minti, a kuma cire ƙaramin batirin agogo, galibi CR2032, na ɗan lokaci. Wannan yana mayar da saiti yadda yake tun asali. Ba ya gyara manhajar da ta lalace, amma yana tayar da na'urar da saiti ne kawai ya rikita.

Mataki na biyu shi ne hanyar ceto da kamfanin ya tanada. Akwai wani ɗan sashe na manhajar da sabuntawa ba ya yawan taɓawa, aikinsa neman lafiyayyen fayil a faifai ko a filash ta USB, wadda a Maraɗi aka fi sani da kile. A yawancin HP ana danne maɓallin Windows da B a kunna. A Dell ana danne Ctrl da Esc a jona caja, fayil ɗin kuma sunansa BIOS_IMG.rcv, a kan filash mai tsarin FAT32. A Acer da dama Fn da Esc ne. Fuska na iya zama baƙi na mintoci, kuma a nan haƙuri ake bukata.

In wannan ya ci tura, sai a je ga ƙwayar kanta. Ƴar ƙarama ce mai ƙafa 8, sau da yawa ta Winbond, mai ɗaukar megabait 8 ko 16. Mai gyara yana kama ta da ɗan matsi, ko ya narkar da dalma ya cire ta, ya jona ta da na'urar rubutu irin CH341A a wata kwamfutar. Shi ne abin da masu gyaran waya suke kira filashin. Dole a duba ƙarfin wuta, domin wasu ƙwayoyin bolt 3.3 suke ɗauka, wasu 1.8, kuma wutar da ta wuce kima tana ƙona su. Abu mafi muhimmanci, wanda gaggawa ke sa a tsallake, shi ne a karanto abin da ke cikin ƙwayar a adana, sau biyu, a tabbatar kwafin biyu sun zo daidai, kafin a goge komai. Ko a lalace take, a cikinta ne lambar na'urar take, haka ma lasisin Windows tun daga zamanin Windows 8. Fayil ɗin da aka ɗebo daga wata kwamfutar yana zuwa da shaidar waccan, kuma a na'urorin Intel yakan sa jinkirin tashi ko na'urar ta kashe kanta bayan minti 30 in ba a tsaftace sashen ME ba, wato wata manhajar Intel da ita ma ke cikin ƙwayar.

Bayan ta tashi

Faifan da aka kulle da BitLocker, makullin faifai na Windows, yakan nemi mabuɗin ceto mai lamba 48, wanda sau da yawa yana ajiye a asusun Microsoft na mai na'urar. A madannan Faransanci na AZERTY, da suka yawaita a Nijar, ana iya shigar da lambobin da F1 zuwa F10. Sai a gyara agogo da kwanan wata.

Saɓani

Wasu masu gyara na ganin kada a taɓa BIOS muddin na'ura na aiki. Masana tsaro kuwa suna nuni da ɓarakar Spectre da Meltdown da aka bayyana a Janairun 2018, wadda wani ɓangare na maganinta ta sabunta BIOS ya zo. A cikin Janairun kuma Intel ya nemi a dakatar da gyaransa na farko, saboda yana sa wasu kwamfutoci sake tashi da kansu.